Laimar Rabin Wata

Abakpa Nike, Inugu,
Lahadi, 9 ga Yuni.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ka Fatakwal lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ruwan daminar nan, da sharrin direban da ba ya jin magana. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka sauka, amin.

Na san za ka yi mamaki, muna gida ɗaya ina rubuta maka wasiƙa. Dalili shi ne duk lokacin da na buɗe baki zan yi maka maganar tafiyar nan, sai sunan Tukur ya riga komai fitowa, daga nan kuma sai faɗa. Takarda ba ta ɗaga murya. Ka bari sai mota ta fita daga gari sannan ka karanta.

Bari in fara da abin da yake cina. Allon nan da ke saman ƙofar shagon da za ka je yi wa aiki, wanda aka rubuta Rabin Wata da manyan baƙaƙe, abina ne. A nan Abakpa aka haifi sunan, a ɗan shagon da ka yi rarrafe a cikinsa. Shekaru fiye da ashirin ke nan yana rataye a ƙofar wani, kuma ba a taɓa wayar gari na manta ba. Mutumin da kake kira Baba Tukur, kake cire takalmi tun daga nesa in za ka gaishe shi, tare muka yi kwalejin koyon sana'a a Arewa, tare muka karanci ɗaukar hoto, kuma ban tuna jarrabawar da ya taɓa wuce ni ba. Mota ɗaya ta kawo mu Kudu. Yau shi Alhaji ne mai shago hawa biyu, ni kuwa Malam Habu mai hoton fasfo, sannan ɗana ɗaya tilo ya durƙusa a gabana yana neman izinin ya je ya koyi haske a wurinsa. Na ce maka je ka. Ban ƙara da Allah Ya yi albarka ba. Na ga ka lura kafin ka tashi.

Tun da haske za ka je koya, ga abin da na sani game da laima, wadda muke haska wa fitila ta watsa haske a kan mai hoto. Ban san shi ba sai da na yi kuskure a kan fuskokin mutane, don haka kurakuran zan ba ka.

Laimata ta farko mai ruwan azurfa ce a ciki. A Anaca na saye ta, kuma ba don komai na zaɓe ta ba sai don irinta na gani a littattafan da muka karanta, tana walƙiya kamar sabon kwano. Ban tsaya na yi tunanin cewa duk fuskokin da ke cikin littattafan nan na Turawa ne ba, kuma babu ɗayansu da ya sa farar shadda mai sitaci. A lokacin, duk Sallah nakan ɗauki kayana in tafi Anaca, in kafa a wani ɗaki bayan Kasuwar Relief, domin 'yan kasuwarmu na can suna son hoton da za su aika gida a ga sun yi ƙiba. Wani Alhaji Sabo mai albasa ya zo mini da babbar riga fara ƙal, aska takwas, ya sha turare, ya shafa mai. Na kafa masa laimar azurfa daga nesa, na kunna fitila, na ɗauka. Da na kai masa hoton rumfarsa, sai ya riƙe shi can nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam Habu, wannan goshina ne ko kaskon mai tsire?"

Mutanen rumfa suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "To goshin ma na yafe. Ina aikin rigar? Maɗinki ya kusa makancewa a kan askar nan, kai kuma ka mayar mini da ita likkafani."

Na shiga yi masa bayani, rabi Hausa rabi Turanci, cewa fari yana mayar da haske, baƙi yana shanye shi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Turancin ya yi kyau. Hoton ne bai yi ba."

Don haka, Abba, kada ka zaɓi laima kana kallon laimar. Ka kalli goshin mutum, ka kalli rigarsa, sannan ka miƙa hannu. Azurfa tana da zafi. Tana kama duk wani maiƙo da zufa a fatar irinmu ta mayar da shi madubi. Ka ajiye ta sai ranar da aka zo maka da taro, ko wuta ta yi ƙasa kana neman ƙarfi, ko kuma dattijo ya zauna kana so a ga kowane layi da shekaru suka zana masa. Mai ruwan zinariya kuwa ko kyauta aka ba ka, ka ba mai rake ya kare rana, domin takan mayar da mutum kamar an shafe shi da manja. Wadda cikinta fari ne ita ce uwar ɗaki. Ka nemi babba, ka matso da ita kusa da mutum har ta kusa shiga hoton. Babbar laima a kusa lallashin fuska take yi. Ƙarama daga nesa tona asiri take yi.

Da na bar azurfa sai na faɗa wani ramin. Na sayi farar laima marar baƙar riga a bayanta, irin wadda ake juya wa mutum bayanta haske ya ratsa ta ya same shi. Haskenta da laushi, na ji daɗi. Abin da ban lissafa ba shi ne rabin hasken ba ya ratsawa, baya yake komawa ya bugi bango da silin ya dawo. Mai gidan da nake haya kuwa ya shafe shagon da koren fenti, ya ce shi ne ya rage masa daga aikin coci. Ka san Hajiya Tabawa mai abinci ta bakin tasha. A lokacin ba ta je Makka ba, amma bakinta ya riga ya kai yadda ka san shi. Ta zo ta yi hoto da 'ya'yanta mata, sun sha lalle da kwalliya. Da ta karɓa, a bakin titi ta tsaya tana nuna wa masu okada.

"Ku zo ku gani. Mutum ya yi makaranta don ya tsamo ni daga miyar kuka."

Har yau in na je sayen tuwo sai ta tambaye ni ko da miyar hoto za a zuba.

In ka shiga ɗaki, kafin ka buɗe jaka, ka ɗaga kai ka dubi silin, ka dubi bango. Duk launin da ke jikinsu yana jiran ya hau fuskar mutum. In ɗakin ƙarami ne, ka mayar wa laima baƙar rigarta, ka juya cikinta ga mutum. In har yanzu haske yana zuba inda ba ka aike shi ba, ka sassauta maɓallin ta ɗan rufe, kamar mai shirin shiga ƙofa da ita, sai hasken ya tattaru. Kuma ka riƙa duba inda ka ɗaure sandarta. In fitila ta shige ciki da yawa, tsakiya kawai take haskawa, ka sayi babbar laima kana aiki da ƙarama. In ta yi nisa, haske ya tsallake baki ya tafi yawo.

Duk da haka matsalar Alhaji Sabo ba ta bar ni ba. Mutanenmu ba sa zuwa hoto sai da farin kaya. In na ba fuska hasken da ya ishe ta, riga ta ƙone. In na tausaya wa riga, fuska ta nutse, sai idanu da haƙora. Na yi shekaru ina wannan ciniki, kullum sai na cuci ɗaya.

Ranar da abin ya warware, damina ce kamar yanzu. Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ta kawo mini abincin rana tana goye da kai, ruwa ya kama ku a hanya. Ta shige bayan labule don ta shanya ka, ta miƙo baƙin mayafinta ta rataya a kan laima, don babu wani abin rataya a shagon. Mayafin ya zame, ya maƙale a bakin wayoyin, ya rufe rabin laimar na ƙasa. Sai ga wani matashi mai tura baro ya shigo a guje, ya aro farar riga a wurin ɗan ɗakinsu, yana so a aika hoton gidan yarinyar da yake nema, kuma mai rigar yana jira a waje. Na ga mayafin. Ƙyuya ce ta hana ni cire shi. Na ɗan ƙara wa fitila ƙarfi na ɗauka.

Da na wanke hoton sai na zauna. Fuska ta cika, ta yi kyau, ba maiƙo. Riga kuwa ana ganin kowane zare na aikin wuyanta. Sannan a cikin kowane ido, inda ɗigon haske yake zama, maimakon da'ira sai ga rabin da'ira, bayanta a sama, kamar wata a daren bakwai.

Mayafin nata ne, ban musa ba. Amma mayafi yana faɗawa kan abubuwa kullum a duniya, ba a samun komai. Ni na zauna makonni ina ɗagawa ina saukewa har na gane dalili. Ƙyallen yana tare hasken da zai gangara kan ƙirji, ya bar na sama ya wuce zuwa fuska. Sai laima ta matso kusa, tsakiyarta daidai goshin mutum ko sama kaɗan, bakin mayafin kuma daidai haɓarsa in ka tsaya a gefe ka hanga. Sai an bar tazara tsakanin ƙyalle da ƙwan fitila, in ba haka ba ya babbake. Za ka ga wata 'yar ƙuna a gefe ɗaya na mayafin, ranar da na koyi wannan ke nan. Mahaifiyarka ta yafe mini mayafin, ta ɗinka masa 'yan madaukai a baki yadda zan maƙala shi a wayoyin in cire.

Ba ni na raɗa sunan ba. Masu zuwa hoto ne suka fara cewa, "Malam Habu, a yi mini mai rabin watan nan." Aka riƙa zuwa daga Anaca, har Alhaji Sabo ya dawo da rigarsa, ya duba hoton ya ce yanzu maɗinki zai iya mutuwa cikin kwanciyar hankali. Inyamurai ma suka fara zuwa da fararen leshinsu. Waɗannan su ne shekarun da na yi ina tafiya a Abakpa ana nuna ni.

Kuskurena a nan shi ne na ɓoye. Da na gama ɗauka sai in cire mayafin in cusa a aljihun tebur. Ban rubuta sunan a allo ba, ban buga shi a bayan hoto ba, don kada masu hoton gari su tambaya. Da Tukur ya aiko cewa zai biyo ta Inugu ya kwana biyu, har laimar na naɗe na kai gida na tura ƙarƙashin gado. A lokacin yana da wani ɗan shago a Borokiri ta Fatakwal, kusa da ruwa, yana ɗaukar masu kamun kifi da 'yan dako.

Ya shigo shagona, muka gaisa, ya sha ruwa. Sai ya tashi yana bin hotunan da na manna a bango. Ya ciro ɗan gilashin da muke duba fim da shi, ya ɗora a kan idon wani, ya matsa ya ɗora a kan idon na kusa da shi. Ya juyo yana murmushi.

"Habu, me ya cinye maka rabin laima?"

Na ce ɓera ne.

Ya ce, "Ɓeran nan ya yi karatu. Daga ƙasa kawai yake ci."

Na ɓoye laima a ƙarƙashin gado, na manta na buga hotonta a idon duk wanda ya taɓa zama a gabana. Ka riƙe wannan, Abba. A sana'armu babu asiri. Duk wanda ya iya karanta ido zai gaya maka laima nawa ka kunna, da girmansu, da inda ka tsayar da su. Abin da ba ya ɓoyuwa, hanzarin sa masa suna ake yi. In ka gano wani abu, ka rubuta sunanka a jikinsa tun kafin rana ta faɗi, ka nuna wa kowa da bakinka, don a san daga inda ya fito.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Kafin ya tafi ya ce mini, "Tattara mu koma Fatakwal tare. Can akwai ma'aikatan mai, akwai biki kowane mako. Kai ka riƙe haske, ni in riƙe mutane, don ka san ba ka iya dariya da baƙo ba." Na ce masa ban saba fakewa a laimar wani ba. Ya yi dariya ya ce to. Yadda yake yin dariyar nan, kamar duniya ba ta taɓa taka masa ƙafa ba, har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Bayan kamar shekara biyu wani aiki ya kai ni Fatakwal, na ce bari in leƙa shi. Tun daga bakin layi na hango allon. Na tsaya a tsakiyar hanya har wani mai okada ya zage ni. Tukur ya fito da gudu ya rungume ni, ya ja ni ciki, ya tara ma'aikatansa ya ce, "Ku gaida malamina, shi ya gano abin da muke ci da shi." Suka gaishe ni, suka koma aikinsu, kuma na tabbata kafin la'asar sun manta sunana. Da ya musa, da na samu abin riƙewa. Sai ya yi mini kirki a gaban mutane, ya bar ni da allon.

Na dubi laimarsa. Ta ninka tawa girma. Ya kai wa tela an yi mata ƙyalle mai zif, kuma a saman baƙin ya ƙara wani siririn yadi mai ruwan toka, yadda haske ba ya yankewa kai tsaye, sai ya riƙa raguwa a hankali daga haɓa zuwa ƙirji. Ya fi nawa kyau. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba. A bayan motarsa kuma an rubuta, hassada ga mai rabo taki. Ban ce da ni yake ba. Amma mutum nawa ya sani da suka cancanci a rubuta musu?

Na dawo Inugu na ci gaba da aiki, ina haɗiye abin. Sai wata rana wani ɗan kasuwa da ke kai shanu Fatakwal ya zauna a kujerata, ya ga ina maƙala mayafin, ya ce, "A'a, Malam Habu, ashe kai ma ka koyo irin na Alhaji Tukur?" Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo ma yake nufi. Na ɗauke shi hoton. Yana fita na fizge mayafin har madaukai biyu suka tsinke, na rantse ba zan sake ɗora shi ba, don kada wani ya ƙara cewa ina kwaikwayon Tukur. Masu neman rabin wata suka riƙa zuwa ina cewa na daina. Suka daina zuwa. Wasu har Fatakwal suke tafiya. Da hannuna na tura masa su.

Kada ka taɓa barin abin da ka iya don wani ya iya shi. In an ce kwaikwayo kake, ka ce to, ka ci gaba da aikinka. Hoto ba ya tambayar wa ya fara.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar mahaifiyarka hoto ba. Ba ƙi na yi ba. Tana gida, ina ganinta kullum, sai in ce sai an samu sarari, sai Sallah, sai ta yi sabon ɗinki. Bayan na cire mayafin da 'yan watanni, ta yi wani farin leshi don bikin sunan da za a yi a gidan Tukur, domin matarsa Hajiya Rabi ƙawarta ce tun suna amare. Ta sa kayan ta zo shago, ta zauna a kujerar da kanta.

Ta ce, "Malam, yau dai sai ka ɗauke ni. Ka ɗora mayafin."

Na ce zan ɗauke ta, amma ban da mayafin.

Ta ce, "Mayafina ne fa. Duk garin nan an sa musu wata a ido da shi, sai mai shi?"

Na ce na rantse.

Ta ce, "To yi kaffara mana. Ni zan dafa abincin miskinan."

Wasa take yi, tana dariya. Ni kuwa na ce mata in rabin wata take so, ai ga ta za ta gidan mai shi, ta je can a yi mata. Ta daina dariyar. Ta tashi ta gyara ɗaurinta ta ce, "Allah Ya huci zuciyarka," ta fita.

Ban zaci za ta yi ba, kuma na yarda ba ita ta nema ba. A wurin sunan aka ɗauki matan gida ɗaya bayan ɗaya, aka zo kanta. Bayan mako biyu direban motar Fatakwal ya kawo mini babban ambulan. Na buɗe. Abba, na ga hotuna a rayuwata, ban taɓa ganin wanda aka zaunar da haske a kan fuska kamar wannan ba. Kowace huda ta leshin ta fito. Fatarta kamar ka taɓa. Ta ɗan karkata kai, tana wani murmushi da na sani, wanda take yi in tana ƙoƙarin danne dariya. Na tsaya ina tunanin me ya faɗa mata. Ga rabin wata a idanunta biyu, daram, an ɗora shi daidai inda ni zan ɗora.

Na mayar da shi cikin ambulan, na bi direban har tasha, na ce ya koma da shi, an yi kuskuren gida. Ban gaya mata ya zo ba. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba, ko da yake na san Hajiya Rabi ta gaya mata. Ba ta sake zama a kujerar nan ba, ni ma ban sake cewa ta zauna ba, ina jira zuciyata ta sauka tukuna. Kana aji uku na firamare ciwon ajalinta ya zo, sauran kuma ka sani. Da 'yan'uwanta suka zo ta'aziyya daga gida, yayarta ta ce in ba su hotonta su tafi da shi. Na shiga ɗaki na fito da katin zaɓenta. Ta dubi katin, ta dubi kyamarata da ke rataye a bango, ta cusa shi a jakarta.

An gaya mini hoton yana nan a falon Hajiya Rabi, an sa masa gilashi. Za a kai ka ka gaishe ta, kuma za ka ɗaga kai ka gani. Ban so ka gan shi ba tare da ka san abin da kake kallo ba. Hannun Tukur ne, laimar Tukur ce. Amma abin da ke cikin idon nan daga mayafinta ya fito, ranar da ruwa ya dake ku kai da ita.

Na san a shagonsa yanzu akwatunan haske ne ko'ina, irin waɗanda ba sa zubar da haske, kuma yaransa za su yi dariya in sun ga ka shigo da tsohuwar laima. Ka koyi akwatunan da kyau, mai laya ma an ce ya kiyayi mai zamani. Amma laima tana buɗewa kafin mai akwati ya gama haɗa sandunansa, tana shiga bayan okada, kuma in ta karye kowane mai gyaran laima a kasuwa zai ɗaura maka ita. Ranar da aka kira ka gidan biki, ɗaki ƙarami, ango cikin farar shadda, za ka tuna da ni. Ka koya daga Tukur yadda ake sa baƙo ya saki fuska, domin wannan ban da shi da zan ba ka. Hoton da ka ɗauki Liman da Sallar bara, wanda na ce ba laifi, ya fi ba laifi. Na daɗe ina kallonsa bayan ka fita, kuma abin da na ji a raina ba duka ne farin ciki ba. Haka Allah Ya yi ni. Kai kada ka zama haka.

Laimar tana bayan ƙofa cikin buhu, na ɗaure ta da jakarka. Na mayar da mayafin. Madaukai biyun da suka tsinke ni na ɗinke su da kaina, za ka gane su, sun karkace. Kaffarar ma na yi, Hajiya Tabawa ce ta dafa. In Tukur ya gani ya tambaya, ka ce ta Habu ce, ta asali. Zai yi dariyar nan tasa ya ce gaskiya ne. Kada ka roƙar mini hoton a wurinsu, ban aike ka ba. Kuma duk wadda Allah Ya haɗa ka da ita, ka zaunar da ita a kujera tun a makon farko, da kayan da ke jikinta.

Allah Ya yi maka albarka, Abba. Na faɗa yanzu, kuma har zuciyata. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ido mai gani da hannu marar rawa, Ya raba ka da irin ciwon da ya ci mahaifinka. Ka riƙe salla, ka kula da ruwan Borokiri in ya kawo, kada ka hau kwalekwale ba dalili. Ka gaida Hajiya Rabi da kyau. Shi ma ka gaishe shi.

Na ɗauki rabin mutanen Abakpa hoto, wasu tun suna goye har suka kawo nasu 'ya'yan. Hoton mahaifiyarka mai kyau guda ɗaya ne a duniya, kuma ba ni na ɗauka ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu.